Kafin Ki Sa Hannu, Ki Dubi Baba Koriya

Small Heath, Birmingham

Zuwa ga 'yata Rifkatu, Mamana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Lokacin da za ki karanta wannan kin riga kin isa Manchester, ina fata lafiya, ina kuma fata ɗakin da kika kama ya kai girman wanda aka nuna miki a waya. Allah Ya tsare shigarki da fitarki, Ya raba ki da mugun maƙwabci da mai gida mai daɗin baki.

Na sa takardar nan ƙarƙashin shuɗiyar atamfarki domin na san ita za ki fara cirowa ki goge. Na kuma rubuta da Hausa da gangan. Turanci haɗiye shi kike yi ba tauna, Hausa kuwa dole ki tsaya a kan kowace kalma kina motsa leɓe, kamar lokacin da kike shekara shida. Haka nake so ki karanta.

Hankalina bai kwanta da aikin nan naki ba. Na fara gaya miki a kicin kika katse ni, kika ce, “Mum, ke kowa zarginsa kike yi, har mai kawo wasiƙa.” Gaskiya ne, ina zarginsa, yana jefa mana takardun maƙwabta. Amma ki bi ni a hankali. Kamfani ne mai sayen tsofaffin gidaje a unguwar Moss Side ta Manchester yana gyarawa, ya ɗauke ki ki zama mai hulɗa da jama'ar unguwa. Kin ce ganawar ba ta daɗe ba, kuma ba su tambaye ki komai a kan digirinki ba. Abin da shugabar taki Helen ta fi so ta ji shi ne daga ina iyayenki suka fito, da ko kina jin yaren. Tun kina firamare kowa Becky yake kiranki, a takardar neman aikin ma Becky kika rubuta a sama, amma katin da suka aiko miki Rifkatu aka buga, da manyan baƙaƙe. Sannan ga saƙon maraba: ko kina da kayan gargajiya, domin mai hoto zai zo ranar Litinin. Ke kin ga karramawa. Ni na taɓa ganin wannan, sau biyu, sau ɗaya a littafi sau ɗaya a madubi.

Kin tashi kin ga hoton wani tsoho a bangon ɗakin karatuna, mai siririn gemu da baƙar hula. Ke kika raɗa masa Baba Koriya, har kika gaya wa malamarku cewa kakanki ne, aka kira ni makaranta in yi bayani. Abin da kika sani kawai shi ne a kansa na yi babban digirina a jami'ar Manchester da ke Oxford Road. Yau zan gaya miki sauran.

Ma'aikacin fadar sarkin Koriya ne. Ya ci jarrabawar shiga aikin sarki, wadda mutum kan ƙare ƙuruciyarsa yana haddar tsofaffin littattafai dominta. Aikinsa tsara bukukuwa: wa zai tsaya a ina, wa zai fara rusunawa, ta wace ƙofa baƙo zai shigo, wane kwano za a fara ajiyewa ranar tunawa da sarakunan da suka shuɗe. Sai Japan ta mamaye ƙasar a farkon ƙarnin da ya wuce. Aka bar sarkin a gidansa aka ɗauke mulkin, aka kafa ofis mai kula da gidan sarauta, ofishin kuma a hannun Japanawa. Cikin ma'aikatan fada wasu suka ajiye aiki suka koma ƙauye, wasu suka tsallaka iyaka, wasu suka kashe kansu, wasu kuma suka karɓi sababbin muƙamai suna murmushi. Shi bai yi ko ɗaya ba. Gari ya waye ya tafi ofis, ya ci gaba da tafiya har ya tsufa.

Mutane sun sha tambayata me ya haɗa 'yar Zariya da Koriya. Ina da amsoshi masu kyau da nake ba Turawa a wurin shan shayi. Ta gaskiyar ita ce kakana tafintan Bature ne a zamanin mulkin mallaka, kuma a gidanmu ba a maganar abin da ya fassara, sai dai a ce yana da keke tun kafin kowa. Na so in fahimce shi, ban kuma so a daina gaishe ni a gida ba. Sai na nemi ƙasar da ta yi nisa da Zariya sosai.

Kuskurena na farko, na so tsohon nan, don haka na yarda da uzurinsa. Ya bar waƙoƙi da ya rubuta a gida, cike da baƙin cikin ƙasarsa. Ya ce ya zauna a ofis ne don kada bukukuwan kakanni su mutu, kada makaɗan fada su watse. Na gina littafina duka a kan wannan, malamin da yake duba aikina kuma ya ji daɗi ƙwarai, domin su nan suna son labarin mulkin mallaka wanda ba shi da mai laifi.

Akwai wata 'yar Koriya da muke zama teburi ɗaya a laburare, Mi-ja, ta girme ni, ita take gyara mini fassara. Wata rana muna cin abincin rana a kan benci, ita da shinkafarta da kabejin nan nasu mai yaji, ni da ƙosai mai sanyi, na karanta mata wata waƙarsa har da hawaye. Ta bari na gama.

Ta ce, “Saratu, kin yi kuka, madalla. Takardun da ya sa wa hannu fa, kin duba?”

Na ce, “Na duba wasu.”

“Wasu. Ke da kike ƙirga ƙosanki kafin ki ba ni ɗaya.”

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, “Kakata tana cikin 'yan makarantar da ake jerawa a titi cikin sanyi su rusuna wa gwamnan Japan idan zai wuce fada. Wani ne yake zana inda za su tsaya. Mai hannu ne kuwa, layi ba ya karkacewa. Waƙar mutuminki a aljihunsa ta zauna. Zanen ne ya fito titi.”

Kin san abin da na yi da wannan maganar? Na sa ta a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. Mu 'yan jami'a can muke binne abin da ya fi ƙarfinmu.

To, Mamana, ki riƙe wannan. A wurin aiki za ki ji ba daɗi a kan wasu abubuwa, za ki dawo ɗaki ki kira ƙawayenki ki yi ta faɗa, ki ji kamar kin wanke kanki. Ba wanda zai zauna a gida ko ya fita daga gida saboda abin da kika ji a ranki. Abin da ya fita daga ofis da sunanki a ƙasa, shi ne aikinki. Ki riƙa auna kanki da shi, ki auna Helen da shi ita ma, komai yawan kek ɗin da za ta kawo ranar haihuwarki.

Kuskure na biyu na tufafi ne. Ki dubi hoton. Rigar da ke jikinsa ta fada ce ta da, mai zanen tsuntsu a ƙirji, alamar muƙaminsa. A lokacin da aka ɗauki hoton ya daɗe da daina sa ta, kwat yake zuwa ofis da ita. Sai in manyan baƙi za su zo ake cewa ya fito da rigar, a tsayar da shi a gefe, inda za a gan shi amma ba zai tare kowa ba. Duk wanda ya ga hoton a wata ƙasa zai ce, ai ga mutanen sarki nan, lafiya lau ake zaune. Na rubuta babi guda a kan wannan, an ma yaba.

Ba a yi shekara biyu ba na sami aiki a wani kamfanin gidaje, a can Moss Side ɗin. Ba naku ba ne, wancan ya canza suna ya ɓace, amma maganarsu iri ɗaya ce. Sunan aikina kusan irin naki. Ranar taron farko shugabana, wani Bature mai sanyin murya, ya ce ai zai yi kyau in zo da shigarmu. Na ɗaura zani, na kafa ɗauri har yana taɓa ƙofa. Na ji daɗi, kada in yi miki ƙarya. Na ce yau ga wurin da ba a neman in ɓoye ko ni wace ce. Aka tsayar da ni a gefen dama. Hoton ya shiga kowace ƙofa a unguwar, da rubutu a ƙasa wai muna sauraron ku. Ni da na rubuta babin, ban gane kaina ba, saboda hoton ya yi kyau.

Ban ce kada ki sa atamfa ba, ni na saya miki ita. Ki sa ta ranar da ranki ya so, ko ranar Talata da ake ruwa ba mai hoto. Idan wani ne ya zaɓa miki ranar, ki tambaye shi inda hoton zai je da abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa. Ki tambaya da fara'a, sannan ki yi shiru ki dubi fuskarsa. Mai gaskiya amsa zai ba ki. Wanda ya ce miki kada ki damu, ki damu.

Na ukun ne ya sa na ɗauki biro, kuma na lura na cika shafi biyu ina kewaye shi.

Kin san mun baro Manchester kina shekara uku, kin kuma san wai saboda babanki ya sami aiki a nan ne. Ya samu, amma ni na sa shi nema.

Akwai wata mata a Moss Side, Mama Tabitha. Lokacin da na haife ki ba ni da uwa ko ƙanwar uwa a ƙasar nan, babanki kuma ko ruwan zafi bai iya haɗawa ba. Matar nan ba danginmu ba ce, a coci muka haɗu. Ita ta riƙa zuwa flat ɗinmu kullum da safe har kwana arba'in, ta yi mini wankan jego a ɗan bahon nan na Turawa tana zagin wanda ya ƙera shi, ta dama mini kunun kanwa, ta gasa miki cibiya. Da ma'aikaciyar asibiti ta zo tana tambayar me ake yi haka, Mama Tabitha ta ce da ni, “Ki gaya mata mu ma an haife mu, ba daga kanti aka sayo mu ba.”

A bayan layinsu akwai wani ɗan zaure, mallakar kamfaninmu. Nan matan zumunta suke koyon waƙa ranar Asabar, nan ake suna, nan ake zaman makoki. Nan aka yi sunanki. Kamfani ya so ya rufe shi ya yi gidaje a wurin, kuma dole sai an ji ra'ayin jama'a tukuna. Aka aike ni. Matan sun zo da yawa, saboda ni ce. Mama Tabitha ta miƙe ta ce, “Saratu, ki gaya musu ba mu yarda ba. A nan muka yi bankwana da mazajenmu. Ki faɗa musu yadda na faɗa, kada ki zuba masa sukari.” Aka yi guɗa. Na rubuta a littafina, kalma da kalma.

Da na kai wa shugabana ya karanta, ya cire tabarau, ya yi ajiyar zuciya kamar mahaifiyarsa ce ta yi maganar. Ya ce yana tare da su ɗari bisa ɗari. Amma 'yan kwamiti idan suka ga magana mai zafi toshe kunne suke yi. Idan aka sassauta, zai iya nema wa matan wani ɗaki a wani wuri, mai yiwuwa ma wanda ya fi wannan. Ya ce ni kaɗai zan iya taimakonsu, don ni na san ɓangarorin biyu. Ki lura da wannan jimlar, za ki ji ta kafin Kirsimeti.

Na koma teburina na rubuta cewa mazauna sun nuna damuwa, amma sun fahimci dalilan kamfani. Ban ga kamar ƙarya ba ce. Sun nuna damuwa, ai. Na sa hannu.

A babi na huɗu na littafina na yi bayanin yadda aka tara tsofaffin ma'aikatan fada su rubuta tarihin sarakunan ƙarshe, Japanawa suna duba kowane shafi, da yadda inda aka tilasta wa sarki ya fito a takarda kamar amincewa ya yi. Baba Koriya yana cikin masu riƙe alƙalamin. Na kira wannan sassauci na dole. Ki ga fa, har suna na ba abin tun kafin in aikata shi.

An rufe zauren. Ɗakin da aka yi alkawari bai zo ba, shugabana ya sami ƙarin girma ya koma wani gari, ya aiko mini da kati. A taron council, wato majalisar gari, aka karanta rahoton da ƙarfi, aka ce 'yar cikinsu ce ta rubuta, aka faɗi sunana. Wasu daga cikin matan suna wurin.

Ranar Lahadi na sami Mama Tabitha a ƙofar coci. Na shirya wa faɗa, na ma so ta yi, da na sami abin mayarwa. Na rusuna na ce, “Mama, ina kwana?” Ta dube ni daga ɗauri har takalmi, ta ce, “Good morning, madam.” Ta wuce. Matar da ta ga tsiraicina kwana arba'in. Wata takwas muka ƙara yi a garin, ba ta taɓa fasa gaishe ni ba, ba ta kuma sake yi mini Hausa ba. Ke takan ɗauke ki ta yi miki wasa da Hausa, ta miƙo mini ke ta ce thank you. Sauran matan suka bi sahunta. Ban taɓa sanin ana korar mutum daga yare ba sai lokacin. Na ce da babanki iskar Manchester ba ta karɓe ni ba. Ya san ba iska ba ce, ya hau neman aikin kawai, shi ya sa har yau nake haƙuri da minsharinsa.

Daren jiya kin bar taswirar aikinku a kan teburin cin abinci, da safe na duba, kin san halina. Layin Mama Tabitha yana cikin waɗanda aka zagaye da jan biro. Tana nan da ranta, na bincika. Ko na rubuta miki ko ban rubuta ba, wata rana za ki ƙwanƙwasa ƙofarta da kati a wuya. Ban ce Helen ta san wannan ba. Ba sai ta sani ba. Abin da take nema fuska ce da za a buɗe wa ƙofa.

Babanki ya ce, “Saratu, ki bar yarinya ta ci arzikinta, ba kowane ofis ne Japan ba.” Yana da gaskiya, kuma ban ce ki ajiye aikin ba. Mutane suna bukatar gidajen da ba sa yoyo, wani ne kuma zai yi aikin. Baba Koriya ma ba ƙarya ya yi duka ba: kiɗan fada bai mutu ba, bukukuwan suna nan har yau, waɗanda suka koma ƙauye kuwa ba wanda ya rubuta abin da 'ya'yansu suka ci. Abin da ya sa irin uzurin nan yake da haɗari ke nan, akwai gaskiya a cikinsa, ta isa mutum ya jingina shekara talatin. Daga baya mutanen Koriya suka zauna suka jera sunayen waɗanda suka yi wa Japan aiki. Shi ya riga ya mutu. Jikoki ne suke buɗe irin wannan littafin suna bin layi da yatsa.

Don haka idan aka aike ki ki ji ra'ayin mutane, ki rubuta abin da suka faɗa da kalmominsu. Kafin ki kai ofis ki karanta musu, ki ce, haka kuka ce? Ki ajiye kwafi a wurinki. Idan Helen ta ce a sassauta, ki ce to, ta sassauta ta sa sunanta. Kada ki ɗaga murya, ba ki da bukata. Wanda ya ce ke kaɗai ce za ki iya taimakon mutanenki, ki tambayi kanki me ya sa ba ya so su yi magana da bakinsu. Ki zargi yabon da ya zo kafin ki yi aikin komai. Ki fi zargin kanki a ranar da kika sami dalili mai kyau sosai. Ni ma ki zarge ni: mai yiwuwa ne ina so in aike ki inda na kasa zuwa ne kawai. Na duba zuciyata, akwai wannan a ciki. Duk da haka ki je.

Na cire hoton Baba Koriya daga bango, yana cikin ambulan ɗin nan. Adireshin Mama Tabitha yana bayansa. A aljihun akwatinki akwai kuka da daddawa a kwalba, ba naki ba ne, kada ki taɓa. Ranar Lahadi bayan sujada, kafin mai hoto, kafin ki sa hannu a kan komai, ki je. Ki bar katin a ɗaki. Ki durƙusa sosai, ba wannan ɗan lanƙwasa gwiwar da kike yi wa baƙin babanki ba. Ki gaishe ta da Hausarki ta Birmingham, komai karyewarta, ki ce ke ce Rifkatu 'yar Saratu, wadda ta gasa wa cibiya.

Sai ki saurari yaren da za ta amsa miki da shi. Idan Turanci ne, ki karɓa da ladabi, ki ajiye kwalbar ki fito, wannan nawa ne ba naki ba. Idan Hausa ce, ki zauna, ki ci duk abin da ta ba ki. Ranar Litinin za ki shiga ofis kin san abin da za ki iya rasawa, ni kuwa sai da na rasa na sani.

Ubangiji Ya kiyaye ki a hanya da cikin gida, Ya tsare ki daga sanyin garin nan da zafin zuciya, Ya ba ki abokan arziki, Ya tsare hannunki na dama. Ya dawo mini da ke lafiya, da sunanki yadda na ba ki shi. Amin.

Ko wanne ta yi, ki kira ni ki gaya mini. Shekara ashirin ke nan ina so in sani, ban sami ƙarfin tambaya ba.

Mahaifiyarki,
Saratu